Takardar da Aka Huda a Juye

Shekara ashirin da biyu Sufeto ya yi yana aikin ɗan sanda. Ya ga masu kawo ƙarar maƙwabci, ya ga masu kawo ƙarar miji, har ya taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar akuya. Amma sai ranar wata Talata ya fara ganin wadda ta zo kawo ƙarar kanta.

Ƙarfe tara saura kwata Sajan ya leƙo ofishinsa yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, wata tsohuwa ce a waje. Ta ce sata aka yi, wai kuma ita ake zargi."

"Shigo da ita."

"Ai ba a shigo da ita, yallaɓai. Na kama hannunta, ta buge nawa."

Bai rufe baki ba aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas na sanda a kan siminti. Tsohuwar ta shigo da farar sandarta, ta lalubi kujera da kanta, ta zauna ƙyam kamar ita ce mai ofishin. Makauniya ce, kuma da ganinta ka san ba tausayin kowa ta zo nema ba.

"Malama ake ce mini," in ji ta. "Shekara talatin ina koyarwa. Yanzu ni ce shugabar kwamitin amintattu na ƙungiyar da ke koyar da makafi karatu da sana'a, can bayan tashar mota. An ba mu kyautar keken rubutun makafi guda goma sha biyu. Jiya na ce a buɗe a raba wa aji, aka tarar babu ko ɗaya a sito."

"An fasa siton?"

"Da an fasa ma ai da sauƙi, ɗana. Da takarda aka fitar da su. Dokarmu ita ce, ko tsintsiya ba ta fita sai da sa hannun Darakta da nawa. Takardar tana nan, wai ga sa hannuna a jiki. Yau da ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna ya cire ni. Sun ce tsufa da makanta sun sa ina sa hannu a duk abin da aka tura mini."

"Kin sa hannun?"

"Ban sa ba. Amma sa hannun makauniya wace tsiya ce? Layi ne kamar sawun tsutsa, kowa zai iya kwaikwaya. Shi ya sa duk takardar da na sa wa hannu, sai na huda gefenta da rubutunmu na makafi mai ɗigo-ɗigo: abin da aka karanta mini, da adadinsa, da kwanan wata. Abu ɗaya nake nema a wajenka. A sa mini takardar asali a hannu. Kwafi suka raba wa kwamiti, kwafi kuwa ba shi da ɗigon da yatsa zai ji."

Sufeto ya ajiye biro. "Malama, kin san idan na bincika na tarar hannunki ne, ke zan tafi da ke?"

"Da ban sani ba, da gidan 'yar'uwata na tafi in yi kuka, ba nan ba."

Nan take tsohuwar ta kwanta masa a rai. Shi mutum ne mai alfahari da abu guda: bai taɓa rufe fayil don a rufa wa wani babba asiri ba. Kuma da wuya ya haɗu da wanda ya fi shi taurin kai. Ya ɗauki hularsa.

A bakin ƙofa suka tarar da wani mutum mai kimanin shekara arba'in, fes da shi, rungume da jakar takardu. Ya taso da sauri ya miƙa wa Malama gwiwar hannunsa.

"Goggo, ai da kin bari an gama a cikin gida."

"Sakataren kwamitinmu ke nan," ta ce wa Sufeto. "Ɗan ƙanena ne. Shekara tara shi ne idona, shi yake karanta mini kowace takarda."

Ƙungiyar gida ne mai ɗaki shida, da igiya da aka ja a jikin bango tun daga ƙofa har aji, don ɗalibai su riƙa bi. Sufeto ya fara da sito. Kwaɗon lafiya lau, taga da ƙarfe. A kan kanta akwai gurbi goma sha biyu inda akwatuna suka zauna.

Mai sito dattijo ne gajere, makullai sun yi masa yawa a ƙugu har yana tafiya a karkace.

"Yaushe kayan suka fita?"

"Ranar goma sha tara, yallaɓai, da hantsi. Wani direba ya zo da a-kori-kura da takarda, wai za a kai wata makaranta aro."

"Ka san direban?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ka ba baƙo kaya haka kawai?"

"Takarda ta cika, yallaɓai! Ga hannun Darakta, ga na Malama, ga huji a gefe. Duk abin da doka ta ce sai da na yi."

A jikin ƙofar an manna dokokin sito, takardar har ta yi ja don daɗewa. Sufeto ya bi ta da yatsa ya tsaya a ta huɗu. Ya karanta da ƙarfi: kafin a fitar da kaya, mai sito zai kai takarda wa malamin aji ya karanta ɗigon da ke gefe, a tabbatar ya yi daidai da rubutun biro.

"Wane malami ya karanta maka?"

Mai sito ya dubi rufi. "Malamin ajin farko."

"In kira shi?"

Makullan ƙugu suka fara kaɗawa su kaɗai. "Yallaɓai, ka yi mini rai. Gaskiya na fi shekara uku ban kai ba. Aji yana da nisa, ga ciwon gwiwa. Shafawa nake yi da babban yatsa, in na ji ƙuraje-ƙuraje sai in ce Malama ce."

Nisan ajin taku ashirin ne, Sufeto ya ƙirga da idonsa. Ya rubuta a littafinsa.

Ofishin Darakta ya fi kowane ɗaki sanyi. Bango cike da hotunansa yana karɓar lambar yabo, a gidan da rabin mutanensa ba sa ganin hoto. Mutum ne mai yawan murmushi, irin murmushin da ba ya kaiwa ido.

"Ranka ya daɗe, wannan fa maganar cikin gida ce," in ji shi. "In masu ba mu tallafi suka ji 'yan sanda sun shigo, wa zai sake ba mu ko allura? Malama uwa ce gare mu, amma shekaru sun ja. Mu sallame ta cikin mutunci, a wuce wajen."

"Wannan sa hannunka ne?" Sufeto ya tura masa kwafin.

"Nawa ne."

"Ita fa, ka ga lokacin da ta sa nata?"

"A gabana ta sa. A kan teburin nan, ranar goma sha takwas, kamar yadda aka rubuta."

Sufeto ya juya ya dubi hoton da ya fi kowanne sabunta. Darakta ne a wani babban zaure, yana riƙe da kofi, bayansa ƙyalle ɗauke da kwanakin taron: sha bakwai zuwa sha takwas ga wata.

"Taron nan a garin nan aka yi?"

Murmushin ya tsaya cak. "A'a, tafiyar yini guda ce."

"To, da teburin ka tafi, ko Malama ka ɗauka a jaka?"

Darakta ya zare tabarau ya goge, ya mayar, ya sake zarewa. Daga bisani ya ce ranar sha tara da safe ya dawo, ya tarar da tarin takardu a tire, ya ga hannun Malama a kan wannan, sai ya sa nasa bai ko karanta ba. Ya ce tsari ne da suka saba: in ya ga nata sai ya sa, shi ke nan.

"Wato hannu biyu da dokarku ta nema sun koma ɗaya," in ji Sufeto. "Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"In kwamiti ya ji ban karanta ba, ni za a cire."

"Sai ka ga gara a cire ta. Me ya hana ka ba ta takardar asali?"

"Sakatare ne ya ba ni shawara. Ya ce tsohuwa in ranta ya ɓaci tana iya yagawa."

"Buɗe durowarka ka ba ni ita."

Malama tana zaune a ɗakin taro, sandarta a kan cinya. Sufeto ya sallami kowa, ya rufe ƙofa, ya sa mata takardar a hannu. Ta kai yatsunta gefen takardar.

Ta shafa sau ɗaya. Ta shafa sau biyu. Ta ja tsaki.

"Wannan ba tsinken rubutu ba ne, allura ce. Tsinke tura takarda yake yi ta taso, wannan kuwa fasa ta ya yi. Kuma ba ya cewa komai, shirme ne. Kamar kaza ta yi tsattsaga."

"Ba hannunki ba ne ke nan."

"Ba nawa ba ne. Amma wa zai yarda? Za su ce tsufa ne ya sa na fara rubuta shirme."

Gaskiyarta, Sufeto ma ya san haka. Ya ce ta nuna masa yadda take yi. Ta ciro ɗan allon ƙarfe mai ramuka da tsinkenta daga jaka, ta karɓi farar takarda, ta kifa ta, ta fara hudawa daga dama zuwa hagu, cak-cak-cak, da saurin da ido ba ya bi.

"Me ya sa kike farawa daga dama?"

"Ai ta baya muke rubutu, ɗana. Kowane harafi a juye muke huda shi, don in an birkice takardar ya fito daidai. Yaron ajin farko ma ya san wannan."

Sufeto ya ƙura wa takardar ido. Hatimin ofishinsu ne ya faɗo masa a rai, wanda in ka kalli fuskarsa haruffan duk a juye suke, sai an buga a takarda su miƙe.

"Malama, mai ido fa bai san wannan ba. Ya ga kina kifa takarda, sai ya kifa. Amma ɗigon sai ya kwafe su yadda idonsa ya gan su. Ki karanta ta daga dama, kamar ke ce kike rubutawa."

Ta mayar da yatsa. A hankali bakinta ya fara motsi. "Sanda. Talatin. Shida ga wata." Dariya ta kama ta, irin dariyar malamar da ta kama ɗalibi da satar amsa har da kuskuren maƙwabcinsa. "Ɓarawon keken rubutu ya huda mini sanduna!"

Sai dariyar ta yanke kamar an ɗauke wuta. Ta ajiye takardar a hankali.

"Mene ne, Malama?"

"Takardar sanduna talatin ta ranar shida ba ta taɓa zuwa sito ba. Ba ta je ofishin Darakta ba. Ina gama huda ta aka bugo waya aka ce makarantar ta samu sanduna a wani wuri, na ce a soke ta a saka a fayil ɗin taro. A ɗakin nan aka yi." Ta ture takardar gefe. "Mu biyu ne a ɗakin."

Sufeto bai tambaye ta na biyun ba. Ya ji tausayinta ya kama shi, amma ya san in ya nuna za ta buge hannunsa kamar na Sajan.

"In kina so, sai in ɗauke shi a ɓoye kafin taro."

"A ɓoye?" Ta ɗago kai. "A gaban kwamiti aka ce na yi sakaci da amanar makafi. A gaban kwamiti za ka yi aikinka."

Ƙarfe huɗu amintattu biyar suka zauna: Malama, da wani likitan ido, da lauya, da tsohuwar ɗalibar gidan mai shagon saƙa, da wani ɗan kasuwa da ba ya zuwa taro sai in za a cire wani. Darakta yana gefe ya yi tsuru-tsuru. Sakatare ya buɗe littafin taro, ya gyara biro.

"Kafin ku fara," in ji Sufeto, "ina son ganin fayil ɗin takardun da aka soke."

"Ba ya cikin ajandar yau, ranka ya daɗe," in ji Sakatare cikin ladabi.

"Ni ma ba na ciki, ga ni kuma. Wa ke riƙe da makullin kabad ɗin?"

"Ni ne."

"Kai kaɗai?"

"Haka doka ta ce."

"Madalla da wanda ya san doka a gidan nan. Ɗauko."

Ya ɗauko. Sufeto ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya har ya kai ta ranar shida, mai layin soke a tsakiya. Ya miƙa wa mai shagon saƙa ya ce ta karanta gefen.

Ta shafa, ta yamutsa fuska. "Hannun Malama ne, sanda talatin. Amma an danne ɗigon. Kowanne da rami a kansa."

Sufeto ya karɓa ya ɗaga ta a jikin taga. Hasken la'asar ya ratso ta cikin kowane ɗigo, tsaf kamar rariya. Ya ɗora ta a bayan takardar kekunan, huji ya hau kan huji, babu wanda ya kauce.

"Ga yadda aka yi," ya ce. "An kifa takardar ƙarya, aka ɗora wannan a kanta fuskarta na kallon sama, aka bi kowane ɗigo da allura. Da wanda ya yi ya kifa ta ita ma, da rubutun ya fito daidai, da kuma ya san abin da yake cewa, da bai zaɓi na sanduna ba. Makaho ba zai yi wannan kuskure ba. Sai mai ido wanda ya daɗe yana kallo bai taɓa koyo ba."

Biron Sakatare ya faɗi ƙasa. Ya fara borin kunya, wai kowa na iya shiga ɗakin, wai makulli ana iya yankawa. Sufeto ya ce to, sai su je tashar mota tare, a jera masa direbobin a-kori-kura, mai sito ya nuna wanda ya zo, a tambaye shi wa ya ɗauke shi haya. Nan Sakatare ya zube a kujerarsa.

"Suna ina?" Malama ce ta yi tambayar, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Goggo..."

"A ɗakin nan ni ba goggonka ba ce. Kekunan yara suna ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Suna wani shago da na kama a bayan asibiti. Ban sayar ba, wallahi ko ɗaya ban sayar ba. Ƙungiyata nake son buɗewa. Masu tallafi ba sa kula ka sai sun ga kaya a ƙasa. Shekara tara ina karatu ina rubutu, in baƙi sun zo ke ake gaisarwa, Darakta ake ɗauka hoto, ni ko kujera sai in ta ragu. Na ɗauka za a ce tsufa ne, a sallame ki ki huta, babu wanda zai cutu."

"Babu wanda zai cutu," ta maimaita. "Yara ashirin da huɗu suna layi a kan keke ɗaya mai karyayyen maɓalli. Shekara tara kana zaune a damana, da ka ce in koya maka, sati biyu ya isa. Ko satar ma da ka iya ta."

Sajan, wanda ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ya matso da ankwa. Da aka zo wucewa da shi ta kusa da ita, Sakatare ya ɗan tsaya, gwiwar hannunsa ta motsa kamar yadda ta saba. Malama ba ta miƙa hannu ba. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya sauka, ba ta goge ba.

Ɗan kasuwa ya yi gyaran murya ya ce tunda gaskiya ta fito, ai sai a watse, a kuma bar maganar a nan.

"Ba a watse ba," in ji Malama. "Taro aka kira, taro za a yi. Ke, 'yar nan, ɗauki allonki ki rubuta mana, yau da rubutunmu za a ajiye bayanin taro."

Mai shagon saƙa ta ciro allo da tsinke.

"Rubuta na farko. Shugabar kwamiti ta sa ɗan ƙanenta a kujerar sakatare, ta bar shi shi kaɗai yana karanta mata takardu shekara tara, babu mai duba bayansa. Laifinta ne, kuma kwamiti yana da ikon hukunta ta a kai. Na biyu, Darakta yana sa hannu bai karanta ba. Na uku, mai sito ya bar doka ta huɗu. Na huɗu, gobe da safe za a aika wa waɗanda suka ba mu kekunan nan wannan bayani gaba ɗaya, kafin su ji a bakin wani."

"Har da na farkon?" in ji lauya.

"Da shi za a fara. Yanzu ku kaɗa ƙuri'ar da kuka zo kaɗawa. Ni zan fita in ba ku wuri."

Ba ta kai ga tashi ba likitan ido ya ce shi ya janye batun cirewa, lauya ya mara masa baya, mai shagon saƙa ta ce ita dama ba ta taɓa yarda ba. Ɗan kasuwa ya dubi agogo ya ce shi ma haka.

Sufeto ya tattara takardun biyu ya sa a ambulan. A shekara ashirin da biyu ya kama ɓarayi ba adadi, amma bai taɓa ganin wanda aka wanke ya tashi ya rubuta laifinsa a layin farko ba. Ya ji ƙirjinsa ya cika, kamar uwarsa ce aka yaba a bainar jama'a.

A bakin ƙofa ya juyo. Ya san ba za ta gani ba, amma ya haɗa dugadugan takalmansa, ƙwas, ya sara mata irin sarawar da ko manyansa ba kullum suke samu ba.

Malama ta karkato kunne.

"Na ji, ɗana," ta ce. "Sauke hannun, ka je ka kawo wa yara kekunansu. Gobe ƙarfe takwas akwai aji."